Jamusancin Ƙarƙashin Mota

Wai kai Bashir kake cewa wayar nan ta hannunka za ta koya maka Jamusanci kafin azumi, ka je ka zana jarrabawa a ba ka biza. To, madalla. Tun ɗazu nake jin ku a ƙofar shagon nan, kowa na tauna "guten Tag" yana dariya, wai ashe abin ba wuya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, 'ya'yana. Gaisuwa ko aku ya iya ta. Ni da yaren nan na ci abinci a Libreville, da shi na yi aure, da shi na gina ɗakin da kuke jingina da bangonsa a nan unguwar Nzeng-Ayong, kuma har yau ban ga wanda ya shige shi da dariya ya fito da ita ba. Ku kashe abin nan ku saurara.

Abin da na sayar tsawon rayuwata wutsiya ce. A Hausa in ka ce tsohon inji, tsohon inji ne, ko shi ya yi ƙara, ko kai ka sauke shi, ko ka zuba masa mai, ko murfinsa ne ya ɓata. Bajamushe bai yarda da wannan sauƙin ba. In injin ne ya yi aikin, sai ya ce der alte Motor. In shi aka yi wa aikin, den alten Motor. In shi aka ba wani abu, dem alten Motor. In abin nasa ne, des alten Motors. Gida huɗu ke nan. 'Yar kalmar nan ta gaba, wadda nake kira hula, ta canja, sifa ta sake wutsiya, wani lokaci sunan ma ya tsiro da tasa. Kuma wannan namiji ne kawai. Akwai mace, akwai na uku wanda ba mace ba namiji ba, sannan ga jam'i. Guduma a wurinsu namiji ce, filaya mace, ƙafar mota kuwa ba ta cikin ko ɗaya, kuma kada ka tambaye ni dalili don su ma ba su sani ba. Kana gama wannan sai a ce maka in hular ta zama ein wutsiyoyin sifa sun sake, in kuma kalmar ta fito ba hula gaba ɗaya sun ƙara sakewa. Duk wannan kuwa a bakinka ake son sa, cikin magana, mutum na tsaye yana jiranka.

A garinmu Garwa na koya, wurin wani tsoho da ake kira Baba Garga, wanda ya yi wa Jamusawa aikin gida tun yana yaro, kafin Faransawa su karɓi ƙasar. Lokacin da na same shi ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, amma wutsiyoyin nan duk suna nan daram. Ni ke ɗebo masa ruwa, ni ke wanke masa riga. In ya ga dama da hantsi sai ya zauna a tabarma, ya jera wuƙa da ƙwarya da takalmi da tsohon agogo a gabansa. Ya ɗaga wuƙa, in faɗi sunanta da sifarta. Ya miƙo mini, in faɗi abin da ya ba ni. Ya yanki goro da ita, in faɗi da me ya yanka. Ya nuna ƙotarta, in faɗi ta mece ce. In na tsaya ko na ɗaga ido sama ina lalube, ba ya duka, ba ya zagi. Tattara kayansa yake ya juya mini baya, karatun ranar ya ƙare. Yakan ce wanda ya tsaya tunani bai iya ba tukuna. Na shekara a hannunsa kafin ya bari na ga jadawalin wutsiyoyin a rubuce, kuma da na gan shi sai na tarar duk na riga na san su. Daga baya na bi wasu Jamusawa masu haƙa rijiyoyi a ƙauyukan arewa ina yi musu tafinta. Sun yi ta dariya wai ina magana irin ta kakanninsu, suka gyara mini kalmomi masu yawa, amma wutsiya ko ɗaya ba su gyara ba.

Na sauka garin nan lokacin da man fetur ya ɗaga shi sama. Ku da kuka tashi kuka tarar da rami a kowane titi ba za ku gane ba. Ko'ina gini, ko'ina ƙarar inji, har tumatir a jirgin sama ake kawowa. Ana aikin layin dogo a daji, ana jan gumagumai zuwa bakin teku, kuma manyan motocin da ke wannan aikin da yawansu ƙirar Jamus ne. Wani kamfani da ke shigo da su yana da babban gareji a unguwar Oloumi, shi ya ɗauke ni in koya wa kanikawansa yare. Kayan aikina ba yawa. Allona ƙofar wata matacciyar mota ce da na shafa wa baƙin fenti. Alli kuwa a garin nan abokin gaba ne, danshi ke jiƙa shi ya zama kamar tuwo, sai na riƙa ajiye shi a gwangwanin madara kusa da murhun mai shayi. Sai wani faranti na ƙarfe da nake jera sifana da filaya da guduma da noti a kai, tsofaffi da sababbi, manya da ƙanana. Littafi ɗaya gare ni, shi ma fumfuna ta cinye rabinsa.

Wani ɗan babban mutum na taɓa koya wa a unguwar Louis, a falo mai sanyin inji har haƙora na kaɗawa. Ubansa na son tura shi karatun likita. Yaron na kishingiɗe, ƙafa bisa tebur, ya ce mini da Faransanci shi kalmomi kawai yake so, wutsiya ɓata lokaci ce, ai Jamusawa za su gane. Na ce ƙwarai za su gane, yadda kake gane baƙon da ya ce maka "ni ci tuwo jiya", amma ba za ka kwanta ka miƙa masa cikinka ya yanka ba. Bai ji daɗi ba, ubansa ma bai ji ba. Yaron ya tafi Jamus, ya dawo da mota mai kyau, ba takarda. Akwai kuma alhazan kasuwa da ke son shigo da kaya, su zo sau biyu su ce in rubuta musu abin a ƙaramar takarda su sa a aljihu kamar laya. Matan da ke aiki a mashayun Louis ma sun zo, kuma in faɗa muku gaskiya sun fi alhazan kunne nesa ba kusa ba.

Amma aikin da nake son ku ji shi ne na Malam Hamza. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni sosai, bakanike ne a garejin nan na Oloumi, kuma mahaddacin Alƙur'ani, shi ya sa 'yan gareji ke ce masa Alaramma. Mota na wucewa a titi zai gaya maka abin da ke damun injinta. Kamfanin kuwa duk shekara yakan zaɓi kanikawa kaɗan ya tura Jamus sitaj, wato horon aiki, kuma duk wanda ya je ya dawo ya zama shef, wato shugaba, a ba shi sashe guda da gida, 'ya'yansa su shiga makaranta mai kyau. Malam Hamza ya daɗe yana koya wa samari riƙon sifana, su tafi su dawo su zama iyayen gidansa. A shekarar da nake ba ku labari, shugaban garejin, wani Bajamushe da muke kira Jan Wuya, ya sa sunansa. Sharaɗi ɗaya ne: ya ci jarrabawar baka a gaban Madam, matar akawun kamfanin, wadda malamar makaranta ce a ƙasarsu. Mutumin da furfura ta fara fito masa ya san ba za a yi ta sa sunansa kullum ba.

Ranar farko ya dubi farantina, ya dube ni.

"Malam Dauda, wannan ai wasan yara ne. Rubuta mini abin duka a allo, in ɗauke shi."

"Ba a ɗaukar sa haka, Malam Hamza."

"Ni da na ɗauke izu sittin? Gida huɗu ne zai gagare ni?"

Na ƙi rubutawa. Sai ya je ya samo littafi wurin wani mutumin Togo, ya kwafe jadawalin nan uku a allon katako da tawada, da rubutunsa mai kyau, ya zauna gindin mangwaron bayan gareji lokacin hutun rana. Ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido, ya fara kaɗa jiki gaba da baya yadda aka koya masa tun yana ƙarami. Der, den, dem, des. Die, die, der, der. Wallahi kafin wata ya fita ya haddace su kaf, sama da ƙasa, ba tuntuɓe. Sauran 'yan uwanmu baƙi da ke garejin suka ga abin mamaki, suka watse daga bencina suka koma gindin mangwaro, suka yi da'ira suna rerawa tare har da karya murya. In ka wuce daga nesa sai ka rage tafiya don girmamawa. Ni kuma aka bar ni da samari biyu 'yan ƙasa da farantina, ana nuna ni da baki, wai Malam Dauda jan abin yake don kada aikinsa ya ƙare.

Na same shi rannan a gindin mangwaron, na ɗauki ƙaramar filaya na jefa masa a cinya.

"Ce mini da wannan ka cire ƙusar."

Ya rufe ido. Jiki ya fara tafiya, leɓe na motsi. Ina kallonsa yana saukowa daga saman allon, ya wuce namiji, ya shiga mace, gida na ɗaya, na biyu, na uku, sannan ya koma ya sake saukowa don ya nemo wutsiyar sifa. Can ya buɗe ido.

"Mit der kleinen Zange. Daidai ne ko ba daidai ba?"

"Daidai ne. Amma da kan mutum ne a ƙarƙashin inji, da yanzu ana neman likkafani."

"Gaggawa aikin Shaiɗan ce, Malam Dauda."

Na ce masa hadda igiya ce, sai ka kama bakinta kake ja. A tilawa in ka maƙale akwai mai ɗora ka, ya ba ka kalmar da ta gabata. A magana ba mai ba ka. Ya yi murmushi irin na babba ga yaro, ya ce in bari ranar jarrabawa ta zo. Na bar shi, don wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ranar jarrabawa ina zaune a bayan ɗakin. Madam doguwa ce mai tabarau, ta jera kaya a tebur kamar dai yadda nake yi. Samarin nan biyu nawa suka shiga, suka yi ta zuba, wutsiya ɗaya daidai ɗaya a karkace, amma ba su tsaya ba, ta tambaya su amsa, har suka ba ta dariya. Sai ga Malam Hamza cikin farar riga mai guga. Ta ɗaga jan alƙalami ta tambaye shi me take riƙe da shi. Ya rufe ido ya fara kaɗawa. Matar nan ta ajiye alƙalamin a hankali, ta sunkuyar da kai, ashe ta zaci addu'a yake, tana jira ya shafa. Ya buɗe ido ya ba ta amsa daidai. Ta yi ta biyu, ya sake rufe ido. A ta uku ta tashi ta kawo masa ruwa, ta tambaye ni da ido ko ba shi da lafiya. Ni kuwa na sa kaina ƙasa, kunya ta ishe ni. Lokaci ya ƙare ba su ci rabin tebur ba. Ta ce bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma ba za ta iya tura shi ba, don a masana'antarsu malami na magana inji na gudu, ba mai tsayawa ya jira shi. Ta ce ya dawo baɗi.

A waje ya tare ni, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Waɗanda suka yi kuskure sun ci, ni da ban yi ba na faɗi. Wannan wace irin shari'a ce?"

"Shari'ar gareji ce, Malam Hamza. Kai ma da ita kake yi wa mutane hukunci. In ka ce a miƙo maka kile, mutum ya tsaya karanta sunayen kayan akwati tun daga farko, me kake masa?"

Kile shi ne sifana a bakin mutanen Nijar. Samarin suka hau jirgi, 'yan da'irar mangwaro suka dawo bencina ɗaya bayan ɗaya suna sosa ƙeya, shi kuwa ko gaisuwa ya daina yi mini.

Ana tsakiyar ruwan nan na garin nan da bai san ya isa ba, rannan da la'asar na ji sallama a ƙofata. Malam Hamza ne, a jiƙe sharkaf. Ya tuɓe takalmi, ya ƙi kujerar da na ba shi, ya zauna a ƙasa, mutumin da ya girme ni. Ya ce, "Na zo." Ban ce masa ai na faɗa maka ba, don fuskata ta riga ta faɗa. Na ce allon nan ya ba matarsa ta adana, kada in ƙara ganin sa.

Muka fara da faranti, abu ya ƙi. Da na ɗaga guduma sai ido ya rufe, jiki ya tafi. Na dafa kafaɗunsa, kai ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Na sa shi tsaye, ya riƙa kaɗawa daga ƙugu. Abin da aka dasa wa mutum tun yana ɗan shekara biyar ba ya fita don wani ɗan Garwa ya ɗaure fuska. Har na fara tunanin in gaya masa ya haƙura.

Sai rannan na shiga gareji na same shi kwance a ƙarƙashin wata motar gumagumai, ƙafafunsa kawai ake gani, yana kiran kaya ɗaya bayan ɗaya ba ko numfashi, ana miƙa masa. Na tsuguna na leƙa. Tsakanin goshinsa da ƙarfen motar bai fi tafin hannu ba. Na jawo akwatin kayan aikin gabana, na zauna a kan tsohuwar taya.

"Malam Hamza, daga yau ni ke miƙa maka kaya. Kuma ba abin da zai fita daga akwatin nan sai da Jamusanci, da hularsa da wutsiyarsa."

"A nan? Ana jiran motar nan fa."

"Shi ya sa."

Ya koma kan aikinsa. Yana son babbar sifana. Na ji leɓensa ya fara, der, den, sai kuma na ji gwaf. Kai ya taso zai kaɗa, ƙarfe ya tare shi. Ya yi salati. Ya sake farawa, gwaf. A ranar nan goshinsa ya sha ƙarfe har na daina jin tausayi na koma jin haushi. Da ya fito, ga ƙulu ya tashi kusa da tabon sallarsa, 'yan gareji suka ce Alaramma ya samu na biyu. Direban motar na ta masifa, Jan Wuya ya fito daga ofis yana ihu, na yi masa bayani, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya dube ni kamar mahaukaci, ya ce in dai mota za ta fita kafin a tashi ba ruwansa.

Haka muka yi ta yi, wata da watanni. In zo da sifana biyu, tsohuwa da sabuwa, in ce wacce. In ya karɓa in ce da me ka kwance shi. In ɗaga murfi in ce na mene ne. In zuba noti a tafin hannu don ya shiga jam'i. In ya tsaya, in mayar da abin cikin akwati in rufe, direba ya yi ta zaginmu mu biyu. Ba jadawali, ba rerawa, ba wurin kaɗa kai. Rigunana duk suka lalace da baƙin mai, matata ta ce ita malami ta aura ko bakanike. Shi kuwa bai taɓa cewa ya gaji ba, wannan kam na ba shi.

Wata rana yana kwance wani noti sai mai mai zafi ya ɓalle masa a ƙirji. Sai ji na yi daga ƙasa, "Gib mir den leeren Eimer!" wato ba ni bokitin nan da ba komai ciki. Hula daidai, wutsiya daidai, kuma ko ƙiftawa bai tsaya yi ba. Na tura masa bokitin da ƙafa. Shi bai ma san abin da ya yi ba, yana ta fama da mai. Ni ma ban gaya masa ba, don yabo da wuri ɓata ɗalibi yake. Amma daga ranar ƙulun goshinsa ya fara saɓewa, bai ƙara tashi ba.

Ana nan sai mai ya faɗi a kasuwar duniya, garin nan ya zauna daɓas. Gine-gine suka tsaya rabi da rabi, ƙarafa a waje suna tsatsa. Motoci suka jeru a Oloumi har ciyawa ta fito tsakanin tayoyinsu. 'Ya'yan manya suka daina neman malami, alhazai suka daina maganar shigo da kaya, 'yan sanda suka fara tambayar baƙi takardar zama a kowace kwana. Kamfani ya ce in dakata da zuwa. Na ci gaba da zuwa don kaina, saboda akwai sauran mota ɗaya biyu da ke shigowa, kuma in akwai mota akwai wurin karatu. Malam Hamza ya tambayi Jan Wuya maganar tafiya, ya ce ba a yanke ba tukuna daga can Jamus, ranar jarrabawa na nan yadda aka sa, sai dai a gidan Madam za a yi don an rufe ɗakin ofis.

Muka je da safe, yana cikin farar rigar nan dai. Gidan na kan tudu a Louis. Tun daga ƙofa na ga akwatunan katako a tsakar falo, an sauke hotuna daga bango, littattafai jibge a ƙasa. Madam ta fito da ɗankwali a kai, hannunta duk ƙura. Da ta gan mu sai ta dafe baki. Ta ce ashe ba wanda ya gaya mana. Saƙo ya zo, babu sitaj bana, babu baɗi, kamfanin zai rufe garejin, su ma jirgi suke jira. Ta ba da haƙuri har sau nawa. Ni na juya zan fita, don ban ga abin tsayawa ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Malam Hamza bai motsa ba. Ya ce mata da Jamusanci, a nutse, ta tambaye shi.

Ta ce ba amfani, ba abin da za ta iya ba shi.

Ya ce ya sani. Ta tambaye shi.

Ta dube ni, na ɗaga kafaɗa. Sai ta ɗauki wani kofin gilashi daga tebur ta ce mene ne wannan. Ya amsa kafin ta rufe baki. Ya naɗe hannun farar rigarsa, ya durƙusa gaban akwati, ya karɓi kofin ya fara shirya mata kaya. Ta miƙo agogon bango, ta miƙo madubi, ta miƙo takalman yara, tana tambaya: me na ba ka, a wane akwati za ka sa, da me za ka naɗe, na wane ne waɗannan. Yana amsawa hannunsa na aiki, ido a buɗe, kai a tsaye. Ta ƙara sauri, ya bi ta. Ta shiga jam'i, ta fita, ta koma mace, ta juyo gida na huɗu ba zato, yana nan. Tun tana yi don kada ta ɓata masa rai har ta manta, ta koma malamar makaranta sosai, tana kai da kawowa tsakanin akwatuna. Sai da suka cika akwati biyu sannan ta tsaya, ta cire tabarau ta goge. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba ta jarraba wanda ya kai shi ba, kuma da akwai tafiya shi ne na farko. Ya yi mata godiya, ya buga wa akwatunan ƙusa, muka fito.

Muka gangaro har bakin teku. Taksi na wucewa fanko suna mana hon, ba mu tsayar ba. Farar rigar ta yi ƙura har gwiwa. Can ya ce,

"Malam Dauda, ka ji ta?"

"Na ji."

"Wurin tsofaffin jaridun nan da na naɗe kofuna. Na yar da wutsiyar sifa."

"Ka yar. Jam'i ne ba hula, gida na uku. Ita ma ta ji, ta ƙyale."

"Ba mu yi wannan sosai ba."

"Ba mu yi ba."

Muka ƙara tafiya kaɗan.

"Gobe in zo bayan la'asar?"

Na tsaya na dube shi. Na ce, "Malam Hamza, kamfani ya tashi. Jan Wuya zai tafi, Madam za ta tafi, garejin ma rufe shi za a yi. Wa za ka yi wa Jamusancin, kifin teku?"

"Ba wannan na tambaye ka ba. Cewa na yi in zo?"

Na ce ya zo. Washegari bayan la'asar ya yi sallama, da tsofaffin jaridu a hammata. Shi kaɗai ne ɗalibin da na samu a shekarar nan duka, kuma sai da muka gama jam'in nan tas. Ya buɗe ɗan wurin gyaran mota a bakin titi, can gaban kasuwa, a nan ya ƙare aikinsa. Bai taɓa ganin Jamus ba har muka binne shi a garin nan.